Mutum-mutumi a masana'antu: aikin wa yake ɗauka?

Alƙaluman da ƙungiyar IFR, mai tattara bayanan masu ƙera mutum-mutumi a duniya, ta fitar game da shekarar 2023 sun nuna cewa irin waɗannan na'urori sama da miliyan 4 da dubu 280 ne ke aiki a masana'antu. A shekarar ta 2023 kaɗai an girke sababbi fiye da dubu 540, kuma fiye da rabinsu a ƙasar Sin aka girke su. Duk sanda irin wannan rahoto ya fito sai kanun labarai su rabu biyu. Wasu su ce injuna sun gama da ma'aikata. Wasu su ce a kwantar da hankali, ai ƙasashen da suka fi kowa yawan na'urorin ba su ne suka fi fama da rashin aikin yi ba. Mai karatu ya rasa wadda zai kama. Kowane ɓangare kuwa yana da hujjar da ba ƙarya ba ce, sai dai tambayoyin da suke amsawa ba ɗaya ba ne.

## Abin da sunan yake nufi

Sunan kansa yana yaudarar mutane. Wanda ya ji an ce mutum-mutumi zai kawo wa ransa wani abu mai kai da ƙafafu yana kai-komo cikin masana'anta. Yawancin waɗanda ake ƙirgawa ba haka suke ba. Hannu ne guda na ƙarfe, kafe a ƙasa ko rataye a sama, galibi mai gaɓoɓi shida, wanda ake ɗaura wa bakinsa abin da aikin ke buƙata: kan walda, bututun feshin fenti, ko awartakin ɗaukar kaya. Kafin na'ura ta shiga wannan lissafi sai ta cika sharuɗɗa. Ta riƙa aiki da kanta bisa umarnin da aka loda mata, a iya sauya umarnin ta koma wani aiki daban, sannan ta iya motsi ta fuskoki uku ko fiye.

Don haka injin cika kwalba da injin saƙa ba sa cikin lissafin, duk da cewa sun daɗe suna rage hannun mutane. Ƙananan na'urori masu taya da ke jigilar kaya a rumbunan Amazon rukuninsu daban ne. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubutu ko lissafi a ofis su ma maganarsu daban ce. Rarrabewar tana da amfani, domin sau da yawa akan ɗauko alƙaluman wannan a jingina wa wancan. Hasashen da masana biyu na Jami'ar Oxford suka yi a 2013, cewa kashi 47 cikin 100 na ayyukan Amurka suna cikin haɗari, ya shafi kowace irin kwamfuta da inji ne, har da na ofis da na kanti. Da wasu masu bincike suka sake lissafin a wani rahoto da OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, ta buga a 2016, kashi 9 cikin 100 suka samu.

Ratar ta fito ne daga yadda aka ɗauki kalmar aiki. Na farko sun ɗauki sana'a ɗungurungum, na biyu sun tsinka ta gida-gida. Mai walda a masana'antar mota ba walda kaɗai yake yi ba. Yana karanta zane, yana daidaita ƙarfe, yana duba inda ɗorin bai kama ba, yana gyara abin da ya karkace. Mutum-mutumi yana karɓe ɓangaren da ake maimaitawa sau dubu a wuri ɗaya ba sauyi. Ko gurbin mai waldan zai ɓace, ya dangana ne ga yawan abin da ya rage, da kuma ko kamfani zai tattara ragowar aikin mutum biyar ya miƙa wa mutum ɗaya.

Akwai kuma ma'aunin da ake kwatanta ƙasashe da shi, wato na'ura nawa ce a kan kowane ma'aikacin masana'anta dubu 10. A 2023 matsakaicin duniya 162 ne. Koriya ta Kudu tana da 1,012, Singafo 770, Sin 470, Jamus 429, Japan 419, Amurka kuma 295.

## Daga ina aka faro

Mutum-mutumin masana'anta na farko, mai suna Unimate, ya fara aiki ne a 1961 a wata masana'antar kamfanin mota na General Motors da ke jihar New Jersey ta Amurka. George Devol ne ya ƙirƙiro shi, Joseph Engelberger ya yi masa kasuwa. Aikinsa shi ne ɗauko sassan ƙarfe masu zafi daga injin zubi ya jera su, aikin da ke ƙona hannu, ya kuma cika huhu da hayaƙi. Japan ce ta fi rungumar abin: kamfanin Kawasaki ya karɓi lasisi ya fara ƙera nasa a 1969, kuma har yau FANUC da Yaskawa na Japan suna cikin manyan masu ƙerawa, tare da ABB da KUKA na Turai. Tun daga 2013 Sin ce ta fi kowa saye, kuma a 2016 kamfanin Midea na Sin ya saye KUKA na Jamus. Masana'antun mota da na kayan lantarki su ne ke kan gaba wajen amfani da su, sai masu sarrafa ƙarfe.

## Me ya sa abin ya ƙara gudu

Dalili na farko lissafin kuɗi ne. Farashin na'urar ya yi ta sauka cikin shekaru talatin da suka wuce, albashi kuma yana hawa a wuraren da dā ake zuwa neman leburanci mai araha, musamman biranen gaɓar tekun Sin. Mai masana'anta yana duba wata nawa na'urar za ta yi kafin ta mayar da kuɗinta. Hannun ƙarfen kansa ba shi ne duka kuɗin ba, domin girkawa, shingen kariya, tsara umarni da sauya fasalin layin aiki sukan laƙume fiye da kuɗin hannun. Shi ya sa manyan kamfanoni masu ƙera abu iri ɗaya da yawa suka yi wa ƙanana nisa.

Dalili na biyu ba kasafai kanun labarai ke kawo shi ba, alhali yana da nauyi ƙwarai: tsufan al'umma. A Koriya ta Kudu matsakaicin haihuwa ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023. A Japan kusan mutum 3 cikin 10 sun kai shekara 65. Yawan jama'ar Sin ya ragu a 2022, karo na farko tun farkon shekarun 1960. A irin waɗannan wurare mai masana'anta yakan sayi na'ura ne saboda ya yi shelar neman ma'aikata bai samu ba. Wannan ke bayyana yadda ƙasa za ta cika da mutum-mutumi amma rashin aikin yi bai yi yawa ba. Bai kuma nuna cewa haka abin zai kasance a ƙasar da matasa suka fi yawa ba.

Sai manufofin gwamnati. A 2015 Sin ta ƙaddamar da shirin ɗaga darajar masana'antunta zuwa 2025, gwamnatocin larduna kuma suka riƙa ba da tallafi ga masu sayen na'urori. A ƙasashe da dama dokar haraji tana sassauta wa mai sayen inji, amma tana ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci kuɗin fansho da inshora. Akwai kuma ayyukan da inganci ne ya tilasta sauyin, kamar ɗora ƙwayoyin lantarkin da ido ba ya gani sosai a kan allon wayar salula.

## Abin da bincike ya gano a Amurka da Jamus

Bincike biyu ne aka fi dogara da su, kuma karanta su tare ya fi karanta kowanne shi kaɗai amfani.

Daron Acemoglu, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2024, da abokin aikinsa Pascual Restrepo sun bi yankunan Amurka daga 1990 zuwa 2007. Sun gano cewa ƙarin mutum-mutumi ɗaya a kan kowane ma'aikaci dubu yana rage albashi da kashi 0.42 cikin 100, kuma kowace na'ura ta tafi da gurbin aiki uku da ɗoriya idan aka duba ƙasar baki ɗaya. A yankin da aka girke ta, asarar ta kai wajen shida, domin idan albashin masana'anta ya tsaya, ciniki yana ja baya a duk garin. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu aikin hannu da ba su yi karatu mai zurfi ba.

A Jamus, Wolfgang Dauth da abokan aikinsa sun bi bayanan ma'aikata ɗaya bayan ɗaya daga 1994 zuwa 2014. Su ma sun ga asara: kowace na'ura ta rage gurbi kusan biyu a masana'antu, jimilla wajen dubu 275. Amma guraben da suka buɗe a wasu fannoni, musamman na hidima ga kamfanoni, sun cike giɓin. Abu mafi jan hankali shi ne yadda asarar ta auku. Ba korar mutane aka yi ba. Ma'aikatan da na'ura ta tarar a bakin aiki sun ma fi daɗewa a kamfaninsu, an sauya musu aiki ne kawai, wasu kuma sun haƙura da ƙarin albashi don a bar su. Guraben sun ɓace ne ta hanyar da ba ta da hayaniya: wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba, matashin da zai shigo kuma bai samu ƙofa ba.

Me ya bambanta ƙasashen biyu? Masu binciken sun danganta shi da tsarin ƙwadago. A Jamus doka ta ba ma'aikata damar kafa majalisa a cikin kamfani wadda dole a tuntuɓa kafin babban sauyi, manyan kamfanoni suna da wakilan ma'aikata a hukumar da ke sa ido kan shugabanni, kuma ƙungiyoyin ƙwadago irin su IG Metall sukan yi ciniki: a shigo da na'ura, amma kada a sallami kowa, a kuma horar da mutane. A Amurka sallamar ma'aikaci ta fi sauƙi, ƙungiyoyin ƙwadago kuma sun yi rauni. Wani bincike da aka buga a 2022 ya ƙara haske: zuwan na'urori ya rage raunukan da ake ji a wurin aiki a Amurka, amma a yankunan da abin ya shafa an samu ƙarin matsalolin damuwa da mace-macen da suka danganci ƙwaya da giya. A Jamus aikin ƙarfi ya ragu ba tare da an ga irin wannan illa ba.

Akwai wani ruɗani da binciken da aka yi a Faransa da Sifaniya ya warware. Masu kamfani sukan ce, tun da muka sayi na'ura ma'aikatanmu ƙaruwa suka yi. Sau da yawa gaskiya suke faɗa. Kamfanin da ya girke na'ura kayansa suna yin araha, ya samu ƙarin kasuwa, ya ɗauki ƙarin mutane. Sai dai kasuwar daga hannun abokan hamayyarsa ya ƙwace ta, kuma a can ake sallamar mutane. A Faransa, da aka haɗa duka, asarar ta rinjayi ribar. Wanda ya rasa aikinsa yana iya kasancewa bai taɓa ganin mutum-mutumi da idonsa ba.

Ya kamata kuma a sa abin a ma'auninsa. Ma'aikatan masana'antun Amurka sun ragu daga wajen miliyan 17 a 2000 zuwa wajen miliyan 11 da rabi a 2010. Abin da Acemoglu da Restrepo suka jingina wa mutum-mutumi ɗaruruwan dubbai ne, ba miliyoyi ba. Shigar Sin ƙungiyar cinikayya ta duniya a ƙarshen 2001, ƙaurar masana'antu zuwa ƙetare, da durƙushewar tattalin arziki ta 2008 duk suna da kaso mai tsoka. Duk wanda ya ɗora wa na'ura laifin gaba ɗaya ya wuce abin da hujja ta nuna.

## Inda na'ura ta gaza

A 2011 Terry Gou, shugaban Foxconn, kamfanin da ke haɗa wayoyin iPhone, ya yi maganar girke na'urori miliyan ɗaya cikin shekara uku. Hakan bai yiwu ba, kuma har yau ɗaruruwan dubban mutane ne ke haɗa wayoyin iPhone da hannu, ko da yake a 2016 an ruwaito cewa masana'antar kamfanin da ke birnin Kunshan na Sin ta rage ma'aikata daga dubu 110 zuwa dubu 50. A 2018 Elon Musk ya amsa da bakinsa cewa kamfaninsa na mota, Tesla, ya yi kuskure da ya cika layin ƙera motar Model 3 da na'urori. Adidas ta buɗe masana'antun takalma masu aiki da na'ura a Ansbach ta Jamus da kusa da Atlanta ta Amurka, ta rufe su a 2020, ta mayar da fasahar wajen masu yi mata aiki a Asiya.

Dalilin kusan ɗaya ne. Na'ura ta ƙware da abu mai tauri da ke zuwa mata a siffa ɗaya, a wuri ɗaya. Yadi yana miƙewa yana tattarewa, wayar lantarki tana lanƙwashewa, fata tana da bambanci daga wannan zuwa wancan. Yatsun mutum suna gyara waɗannan ba tare da ya yi tunani ba. Shi ya sa a masana'antar mota sashen walda da na fenti suka kusa zama na na'ura zalla, amma sashen ƙarshe, inda ake sa kujeru da wayoyi, har yanzu mutane ne suka fi yawa.

Iyakar tana matsawa. Kyamarori da ƙirƙirarriyar basira suna ba na'ura damar gane kayan da aka zube ba tsari. Akwai kuma ƙananan hannuwa masu tsayawa da zarar sun taɓa mutum, waɗanda ba sa buƙatar keji. Kamfanin Universal Robots na Denmark ya fara sayar da su a 2008, a 2023 kuma sun kai wajen kashi 10 cikin 100 na sababbin da aka girke. Masu siffar mutum da ake ta nunawa a bidiyo kuwa yawancinsu suna matakin gwaji.

## Matsayar kowane ɓangare

Masu masana'antu suna cewa zaɓin ba tsakanin na'ura da mutum ba ne, tsakanin na'ura da rufe masana'anta ne, tun da abokin hamayya a wata ƙasa ba zai jira ba. Suna ƙara da cewa ayyukan da ake miƙa wa na'ura su ne masu ƙazanta da haɗari da gundura. Binciken Georg Graetz da Guy Michaels kan ƙasashe 17 daga 1993 zuwa 2007 ya mara musu baya ta wani gefe: yawan abin da ma'aikaci ke samarwa ya ƙaru, farashin kaya ya sauka, jimillar aiki kuma ba ta ragu sosai ba. Amma binciken ya nuna cewa kason masu ƙarancin ƙwarewa ya ragu.

Ƙungiyoyin ƙwadago na yau ba kasafai suke neman a hana na'ura shigowa ba. Abin da suke nema shi ne a sanar da su da wuri, a horar da waɗanda ke nan da kuɗin kamfani, a kuma raba ribar ta hanyar albashi ko rage sa'o'in aiki. Hujjarsu ita ce riba tana tafiya wajen masu jari da injiniyoyi, asara kuma tana sauka kan mutanen da ba a yi shawara da su ba.

Batun haraji ya taso a 2017, lokacin da Bill Gates ya ba da shawarar a sa wa na'urar da ta maye gurbin mutum haraji. A watan Fabrairun shekarar Majalisar Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da irin wannan shawara. Koriya ta Kudu ta ɗauki hanyar tsakiya, ta rage rangwamen harajin da take ba masu sayen na'urori. Masu goyon baya suna cewa gwamnati tana rasa harajin albashi da kuɗin fansho duk sanda gurbi ya ɓace. Masu adawa suna tambayar inda za a ja layi tsakanin mutum-mutumi da sauran injuna, suna kuma gargaɗin cewa masana'anta za ta kwashe kayanta ta koma inda babu harajin. Wasu masana sun ce ba sai an ƙirƙiro sabon haraji ba, a daina fifita inji kan mutum a dokar da ke akwai ya isa.

Horarwa kuwa kowa yana ambatonta, amma sakamakonta ba ɗaya ba ne. Ta fi yin tasiri idan an yi ta a cikin kamfani, mutum yana karɓar albashi, kuma akwai takamaiman aikin da ke jiransa. Kwas ɗin da ake ba mutum bayan an sallame shi yana da shekara hamsin, a garin da masana'antar ita ce babbar mai ɗaukar aiki, bai cika mayar da shi inda yake ba.

## Yadda abin zai taɓa mutane

Ga wanda ke bakin aiki, alamar haɗari tana cikin yanayin aikinsa: in motsi ɗaya yake maimaitawa kan kaya iri ɗaya, kamar ɗora kwali, walda a wuri guda ko ciyar da inji, gurbinsa ya fi fuskantar barazana. Mai gyara, mai saita inji da mai gano dalilin tsayawar layi sun fi samun kariya, kuma ana ƙara neman su, sai dai yawansu bai kai na waɗanda suka tafi ba. Wanda ya rage yakan samu sauƙin ciwon baya da na kafaɗa, amma saurin aikinsa yanzu na'ura ce ke tsara shi.

Ga matashi, sauyin ya fi girma kuma ba ya fitowa a alƙaluman sallama. Masana'anta ta daɗe tana zama wurin da mai ƙaramin karatu zai shiga da ƙarfinsa, ya koyi aiki a ciki, ya samu albashin riƙe iyali. Guraben shiga su ne na farko da na'ura ke ɗauka. Abin da ya rage yana neman takardar koyon lantarki ko kanikanci tun daga bakin ƙofa.

Mai saye yana amfana da sauƙin farashi da ingancin kaya, amma wannan riba a warwatse take, kowa ɗan kaɗan, yayin da asarar ke taruwa a gari ɗaya, kan gidajen da za a iya ƙirgawa.

Tambaya mafi nauyi ta ƙasashe matalauta ce. Japan, Koriya ta Kudu da Sin duk sun fita daga talauci ta hanya ɗaya: mutane sun bar gona sun shiga masana'antu masu buƙatar hannu da yawa, suna ƙera kayan da ake fitarwa waje. Masanin tattalin arziki Dani Rodrik ya nuna cewa ƙasashen da suka zo daga baya suna kai ƙololuwar aikin masana'anta da wuri, tun ba su yi arziki ba, kuma kason ma'aikatan da masana'antunsu ke ɗauka bai kai na magabatansu ba. Idan na'ura ta yi araha, leburanci mai sauƙin kuɗi ya rage jan masu jari. Wannan ba ya nufin masana'antu suna komawa Turai da Amurka da yawa, kamar yadda labarin Adidas ya nuna. Yana nufin sabuwar masana'antar da za a gina za ta ɗauki mutane ƙasa da wadda aka gina shekara talatin da suka wuce.

Ɗinki ne ke riƙe da miliyoyin mutane a wannan hanya. A Bangaladash wajen mutum miliyan 4 ne ke aiki a masana'antun tufafi, waɗanda ke kawo fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin kayan da ƙasar ke fitarwa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi kiyasi a 2016 cewa kashi 88 cikin 100 na ma'aikatan tufafi da takalma a Kambodiya, da kashi 86 a Biyetnam, suna yin aikin da fasaha za ta iya karɓewa. Kiyasin ya yi magana ne kan abin da zai yiwu, kuma har yanzu haɗa riga a kan keken ɗinki yana hannun mutane saboda laushin yadi. Amma yankan yadi da saƙar rigunan sanyi tuni injuna masu aiki da kwamfuta suka karɓe su a manyan masana'antu da dama, inda mutum ɗaya ke kula da injuna da yawa a wurin da dā kowane inji yake da mai shi.